Dakta Asabe da abin da suka ce ba ta da shi

Da safen nan labarin ya same ni. Dakta Asabe ta rasu.

Ina tsaye a lab, ɗakin gwaje-gwajenmu, hannuna cikin safar roba, wayata ta yi ta ruri a aljihu har na gaji na ɗauka. Ƙanwarta Jummai ce. Ta ce, "Rahila, Anti ta tafi."

Na ce, "Har ta taso? Ai ƙarshen wata muka yi da ita."

Don wurina za ta zo, nan Ibadan. Har katifa na aro mata.

Sai na jiyo kukan mata a bayan Jummai.

Bayan sallar asuba Dakta ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Hawan jini. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Kafin ni kuma in cire safar in nemi izini wurin oga, an riga an yi mata sutura an kai ta makwancinta.

Har yanzu ban yi kuka ba. Haushi ne ya cika ni. Ina jin haushin mutane da yawa, kuma ku yafe mini, har da ita kanta.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamata ce a kwaleji a Zuru. Ita ta koya mana tsutsotsi da ƙwayoyin cutar da ke zama a jikin mutum. Bincikenta kuwa tun farko har ƙarshe a kan tsargiya yake, cutar nan da yara ke ɗauka a rafi su dinga fitsarin jini.

Ni 'yar Dabai ce. Babana tsohon soja ne, da ya ajiye kaki ya koma gona. A gida yarenmu C'lela muke yi, Hausa sai a kasuwa da coci, Turancina kuwa a lokacin sai a hankali.

Ranar da aka fara zaunar da mu gaban maikuroskop, kowa yana cewa ya gani, ni ba abin da nake gani sai farin haske. Kunya ta hana ni faɗa. Ita ta lura. Ta zo ta tsaya a bayana, ta ɗora hannunta a kan nawa, ta juya abin a hankali. Sai ga shi ya fito, ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa mai ƙaya a gindi.

Ta ce, "Ƙwan tsargiya ke nan. Shi ke sa ƙannenki fitsarin jini in damina ta wuce. In ba ki gani ba ki ce ba ki gani ba, ba laifi ba ne."

Da na gama, Baba ya ce soja zan shiga kamar yayyena. Ta hau kabu-kabu har Dabai, ta same shi a gona yana shuka dawa. Ta gaishe shi har ƙasa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, a bar ni in je jami'a.

Baba ya ce, "Malama, soja in ya gama horo aiki na jiran sa. Wannan naku fa?"

Ta ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba, Baba. Namu ba ya jiran kowa. Nema ake yi."

Baba ya dube ta, ya yi dariya, ya ce tunda ba ta ruɗe shi ba ya yarda.

Nema ake yi. Wallahi ta nema.

Kafin in shiga maganar neman, bari ku san aikin da matar nan ta yi. Duk hutun da na dawo gida tana ɗauka ta mu tafi. Makarantun firamare na wajen Wasagu, ƙauyukan da ke bayan Dirin Daji, rugagen Fulani da mota ba ta zuwa. Mu ɗaura kula a bayan babur, mu cika ta da ƙanƙarar da ta roƙa wurin masu sayar da kifi, mu bi yara da ƙananan robobi muna karɓar fitsari.

Ba aikin da ake ɗaukar hoto da shi ba ne.

Wasu iyayen ma cewa suke jinin alamar yaro ya fara zama namiji ne. Ba ta yi musu dariya. Sai ta zauna a tabarma, ta sha ruwan da aka kawo, ta kira uban ya leƙa maikuroskop da idonsa. A wata ruga Arɗo ya leƙa, ya ɗago, ya sake leƙawa, ya tashi ya fita. Can sai ga shi da yaran rugar gaba ɗaya, har da waɗanda aka kira daga kiwo.

Duk yaron da aka samu da cutar sai ta koma da magani. Ba ya cikin aikin binciken. Cewa take ba za ta karɓi fitsarin ɗan mutane ta tafi da shi ta bar shi da ciwonsa ba.

Abin da take so bai da yawa. Tana son aikin bincike na sosai, a cibiyar da ke da wuta da na'urori, inda abin da ta tara zai zama amsa. Tana zargin cewa a wasu ƙauyukan maganin ya daina aiki yadda ya kamata, yara suna sha cutar ba ta tafiya. Ba ta da kayan da za ta tabbatar. Shi ke nan fa.

Lokacin da na san ta Mastas gare ta. Duk tallar aikin da ta buɗe, layin farko: sai mai PhD.

Ta yi PhD ɗin. Da goyo, da koyarwa, da zirga-zirga a hanyar da kowa ya san yadda take. Mijinta Malam Bala, malamin sakandare, shi ya dinga dafa wa yara abinci in ta yi tafiya, Allah ya saka masa.

Ta kawo PhD, sai aka ce ina rubuce-rubucen da ta wallafa a mujallun ƙasashen waje, kuma sunanta ya zama na farko.

Ta rubuta. Na farkon da ya fita, wani farfesa da ba zan kama sunansa ba ya ɗora nasa a gaba. Bai taɓa taka Wasagu ba. Na ce ta yi magana. Ta ce, "Bar shi, zan rubuta wani." Ta kuwa rubuta wasu.

Ta kawo su, sai aka ce ko ta iya sarrafa alƙaluman bincike da manhajar kwamfuta, irin wadda sai ka rubuta mata umarni layi-layi.

Ba mai koya mata a kusa. Ta dinga sauke bidiyo a waya duk inda ta samu sabis mai ƙarfi, ta dawo gida ta bi su ɗaya bayan ɗaya a tsohuwar kwamfutarta da batirinta ya mutu, sai an kawo wuta take tashi. Ta iya. Har ni ta koya wa ta waya, tana faɗa mini in duba ko na manta waƙafi.

Ta iya wannan, sai aka ce ko ta taɓa cin tallafin bincike da sunanta.

Ta nemi tallafin. Masu bayarwa suka ce suna son wanda ya taɓa riƙe irinsa. Ku gaya mini ta ina mutum zai fara.

Sai kuma babban, wanda ya fi ci mata rai. Ƙwarewar PCR da hannunka. Ga waɗanda ba aikinsu ba ne, gwaji ne da ake yi da na'ura a duba ƙwayar halittar cuta, abin da ido da maikuroskop ba sa gani. Ta san shi a littafi ciki da waje, ita ta koya mana yadda yake aiki a kan allo da alli. Amma na'urar ba ta taɓa shigowa lab ɗinta ba. Ko da ta shigo, da wace wuta? Firizar da take ajiye samfur ma akwai shekarar da janareta ya lalace, abin da muka sha wahalar tarawa tun daga damina ya narke ya ruɓe. Da kanta ta kwashe ta wanke firizar, ba ta bar ɗalibai sun taɓa ba.

Duk wannan yana tafiya, shekaru ma suna tafiya. Wata rana ta turo mini wata talla, ta ja layi a ƙarƙashin wuri ɗaya: kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar.

Ta rubuto, "Wannan kam ba bidiyon da zai koya mini."

Na yi dariya a lokacin. Yau ba ya ba ni dariya.

A talla ɗaya fa za ka ga suna son matashi sabon jini, kuma mai doguwar gogewa. Suna son wanda ya san ƙauye kuma ya ƙware a na'urar da ba ta zuwa ƙauye. Ni dai ban san a wace uwa ake haifar mutumin da suke nema ba.

Akwai intabiyun da aka yi mata ta intanet, ina wurin. Sabis ɗin gidanta ba ya ɗauka, sai muka ɗauki kujera da ɗan tebur muka je kan tudun da ke bayan unguwarsu. Ta sa mayafinta mai kyau, ni na riƙe mata lema. Awaki suna ta kuka a gefe, ina korar su da ƙafa.

Wata mata daga cikin masu tambayar ta ce ta ba su misalin lokacin da ta jagoranci tawaga mai mutane iri-iri.

Dakta ta ce tawagarta ta ƙarshe akwai liman, akwai fasto, akwai Arɗo, akwai hedimasta da masu kabu-kabu, kuma da harshe uku ake magana kafin a yanke komai.

Suka yi murmushi. Sai wani ya ce ko tana da satifiket na horon jagoranci.

Ana cikin haka sabis ya ɗauke. Da ya dawo sun riga sun wuce kan mai nema na gaba.

Muna saukowa ina ta masifa. Ita kuwa cewa ta yi, "Rahila, riƙe kujerar da kyau, ta maƙwabta ce."

Farfesan da na ambata ɗazu, shi ne dai ta taɓa roƙo ya rubuta mata wasiƙar shaida don wani aiki. Ya ce ba damuwa. Ta tuna masa, ya ce yana taro. Ta sake tunawa, ya ce ta rubuto ya sa hannu. Ta rubuta ta tura. Aka rufe karɓa bai sa ba.

Yau da hantsi na ga ya sa hotonta a shafinsa, wai kimiyya ta yi babban rashi.

Ranka ya daɗe, na gani. Ba zan ce komai ba.

To yanzu ga inda nake jin haushinta ita.

Shekarun baya wata mai bincike daga kudu ta zo yankinmu aiki, Dakta ta zaga da ita ƙauyuka. Matar ta ga irin aikinta, da ta koma sai ta samo mata gurbi ɗaya na horo a lab ɗinsu a Ibadan. Watanni ana koyon PCR da sauran gwaje-gwajen ƙwayar halitta, da hannu, a kan na'ura. Ainihin abin da kowace talla ke cewa ba ta da shi.

Gurbin nata ne, da sunanta aka ba da.

Ta kira ni ofis ta ce in shirya kaya, ta sa sunana.

Na ce, "Anti, wane irin abu ne wannan? Ke aka ba."

Ta ce, "Na gani."

Na ce ba zan je ba.

Ta ce, "Zauna ki ji. Ni in na koyo na dawo, za su ce shekaruna sun wuce. Ke in kika koyo, ba su da abin faɗa. Kin ga guri ɗaya ne, gara a sa shi inda zai haifar da wani abu."

Na ce ai ba duka ayyukan ke da ƙa'idar shekaru ba.

Ta ce, "Kuma wa zai riƙe mini 'yan ajin ƙarshe? Tashi ki je ki gaya wa Baba."

Na yi fushi har na kwana biyu ban ɗaga wayarta ba. Sai ta bi ta wurin mamata. Ranar tafiya ita ta kai ni tasha, ta ba ni farar rigar lab ɗinta sabuwa da ba ta taɓa sawa ba, hannun ya yi mini tsawo.

Daga wannan horon na samu aikin da nake yi yau. Duk abin da ke cikin CV ɗina da ke sa a kira ni intabiyu, nata ne ta cire ta ba ni.

Na gode mata, Allah ya sani. Amma har gobe ina cewa da ta je da kanta.

Don a farkon shekarar nan aikin da ya dace da ita ya fito. Wata cibiya tana neman babban mai bincike a kan tsargiya, a yankinmu na arewa maso yamma. Ba maganar shekaru. Suna son PhD, tana da shi. Suna son wanda ya daɗe yana aiki a ƙauyuka, wa ya kai ta? Suna son mai jin Hausa, mai iya sarrafa alƙaluma, mai rubuce-rubuce. Ina karantawa ina cewa akwai, akwai, akwai.

Sai layi na kusa da ƙarshe. PCR da hannu, dole.

Ta nema duk da haka, suka kuma sa ta cikin waɗanda za a yi wa intabiyu.

Da na je gida hutun Ista na wuce wurinta. Ganina da ita na ƙarshe ke nan.

Na zo mata da fifet, ɗan abin nan mai kama da biro da muke ɗibar ruwa ɗigo-ɗigo da shi, da ƙananan robobin gwaji. Ba sinadarai, ba na'ura. Sai ta sa 'yarta Nana ta kawo zoɓo da ruwan sanyi. Muka share teburin cin abinci. Zoɓo ya zama wannan sinadari, ruwa ya zama wancan, ni na zama malama.

Ta sa tabarau, ta zauna kamar 'yar aji ɗaya. In ta yi kuskure ta ce, "Malama Rahila, a yi haƙuri." Hannunta ba ya rawa ko kaɗan. Kafin la'asar ta fi wasu da muke aiki tare a nan tsabtar hannu.

Mahaifiyarta, Inna, tana zaune a gefe tana kallon mu tana jan carbi. Ta ce, "Ke Asabe, wanga karatu naki ba shi ƙarewa? Ɗiyar da kika koya ma ita ka koya miki yanzu?"

Dakta ta ce, "Inna, ai don haka aka koya mata."

Da muka gama na ce, "Anti, in sun tambaye ki ko kin taɓa yi da hannunki, ki ce e. Kin san shi fiye da ni. Mako ɗaya a kan na'ura ya ishe ki."

Ta ɗaga ɗan robar ta duba ta a haske. Ta ce, "Wannan zoɓo ne, Rahila."

Na ce kowa yana ƙara gishiri a intabiyu.

Ta ce, "In na ce na yi, ranar da suka ba ni jinin ɗan wani fa? Zan ce musu ban yi ba, amma zan iya."

Na yi magana har na gaji. Malam Bala ya leƙo ya ce, "Ƙyale ta, ni na daɗe da sallamawa."

A ranar ne na lura ƙafafunta sun kumbura, silifas ya yi mata shaida. Tana kuma yawan dafe ƙeya. Na tambayi maganin hawan jininta. Ta kawar da kai. Nana ce ta tona, wai ta ajiye shi, yana sa ta kasala in tana karatu.

Na ce, "Anti, ke fa kike bin mutane har ruga kina cewa su shanye maganinsu."

Ta ce, "Bayan intabiyu zan koma."

Na ce yau za ta koma. Na sa Nana ta ɗauko, na tsaya har ta haɗiya. Ta ce na zama soja kamar ubana. Ban san ko ta ci gaba da sha ba bayan na tafi. Ban tambayi Jummai ba, kuma ba na jin zan tambaya.

Ta rako ni bakin ƙofa da ƙullin daddawa da busasshiyar kuɓewa. Ta ce, "Ki riƙa cin abinci, kin rame. Kuma ki gaishe da Baba, ki ce ina nan ina nema."

An yi intabiyun a watan jiya. Wannan karon sabis bai ɗauke ba, don ta tafi har wani gari ta kama wuri mai kyau. Da ta fito ta kira ni.

Na ce, "Sun tambaya?"

Ta ce, "Sun tambaya."

"Me kika ce?"

"Na ce ban taɓa yi da hannuna ba. Na ce amma akwai ɗalibata da ke yi kullum, ni na tura ta."

Na dafe kai. Na ce sai suka ce me?

Ta ce sun rubuta wani abu, sun ce za su neme ta.

Har yau ba su neme ta ba. Ba e, ba a'a. Ko imel na layi ɗaya.

Shi ya sa na je na tsaya a gaban ogana na roƙe shi ya bar ta ta zo lab ɗinmu ta yi mako biyu a kan na'ura, don in an sake tambaya ta ce e da gaskiyarta. Ya yarda ba musu, Allah ya saka masa. Da na gaya mata ta yi ta murna kamar yarinya, tana tambaya ko akwai sanyi a lab ɗin ta taho da suwaita.

Abin da ya rage ke nan. Mako biyu, bayan duk shekarun nan.

Kada wani ya fahimce ni ba daidai ba. Ban ce a ɗauki wanda bai iya aiki ba. A lab nake, na san abin da kuskuren ɗigo ɗaya ke jawowa. Ban kuma ce rashin aikin ne ya kashe ta ba, kwananta ne ya ƙare. Ita ma da tana nan haka za ta ce, ta ƙara da cewa in daina surutu a intanet.

Amma ku da kuke zama ku rubuta waɗannan sharuɗɗa, akwai ku a cikin masu karanta wannan, na sani. Abin da ake koya a mako biyu daban, abin da sai an yi shekaru ana shiga ƙauye ana fita daban. Na'ura ko ni an koya mini. Yadda za ka sa uba ya miƙo maka ɗansa ya yarda da kai, wannan ban san inda ake ba da horonsa ba. Kuna sa su a layi ɗaya, ku ce duk dole, sannan ku zo taro kuna tambaya me ya sa ba a samun masu bincike daga yankinmu.

In kun ga wanda ya cika komai sai abu ɗaya, ku tambaya ko abin nan ana iya koya masa. In ba za ku ɗauke shi ba, ku gaya masa. Mutum ne, yana duba wayarsa.

Ku kuma manyanmu da ake roƙo ku rubuta wa na ƙasa shaida, ku rubuta tun yana da rai.

Ɗazu ina haɗa kaya zan tafi tasha, saƙo ya shigo daga wata ɗalibarta ta ajin ƙarshe, Murjanatu. Ban taɓa ganin ta ba, a wayar Dakta ta taɓa samun lambata. Ta yi mini ta'aziyya, sannan a ƙasa ta ce Dakta ta yi musu alkawarin zama da su wannan makon ta faɗa musu abin da ya kamata su koya in suna son aikin bincike. Wai su shida ne, yanzu ba su san wa za su tambaya ba.

Na daɗe ina kallon saƙon. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce mata ta nemi wata sana'a.

Ban tura ba. Na ce su same ni a gidan rasuwa bayan sadakar uku, su zo da biro.

Ya Allah, ga baiwarka Asabe ta iso gare ka. Ka jiƙanta, ka gafarta mata, ka haskaka kabarinta. Yaran da ta bi da magani har gida, ka sa su zame mata shaida. Ka ba Inna haƙuri, tsohuwa ce, ba ta zaci 'yarta za ta riga ta tafiya ba. Ka riƙa wa Malam Bala, ka raya Nana da ƙannenta, ka tsaya musu. Ni kuma ka sassauta mini wannan haushin kafin in isa Zuru, don ba na so in shiga gidan da shi.

Duk wanda ya karanta har nan, Musulmi ne kai ko Kirista, ka san ta ko ba ka san ta ba, don Allah kada ka tsaya a danna alamar kuka ka wuce. Ajiye wayar, ka ambaci sunanta, Asabe, ka yi mata addu'a yadda aka koya maka a gida.